Ƙaramar kwamfutar gem ba ta san watan Afrilu ba

A watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya gallabi Turai har ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko tun da aka fara aunawa, kamfanin Valve ya fito ya ja kunnen masu amfani da Steam Deck, 'yar kwamfutar gem ɗin nan da ake riƙewa a hannu. Ya ce ta fi yin aiki yadda ya kamata a wurin da zafin iska bai wuce digiri 35 ba, idan ya wuce haka tana iya rage gudu da kanta. Furosesarta, wato ɓangaren da ke yin lissafi, na kai digiri 100 za ta fara ja da baya, idan ta kai 105 kuma sai ta kashe kanta don kada ta lalace. Wannan lamba ta 35 ba ta Valve kaɗai ba ce. Ita Sony ya rubuta wa PlayStation 5, ita Nintendo ya rubuta wa Switch, ita kuma Apple ya rubuta wa Mac mini.

Abin da ya zo wa Turawa na 'yan kwanaki har aka yi masa sanarwa, mu a cikinsa muke kwana muke tashi daga Maris har saukar damina. A Sakkwato ko Maiduguri, a Nguru, Yamai ko Damagaram, digiri 40 da tsakar rana a watan Afrilu ba labari ba ne. Wannan ma a inuwa ake auna shi, inda iska ke kaɗawa. Ɗakin da aka rufa da kwano babu silin, ko shagon kwantena a bakin titi, nasa zafin daban ne. To a irin waɗannan ɗakuna matasanmu ke ajiye ƙananan kwamfutocin gem da suka yi wata da watanni suna tara kuɗinsu. Ni dai ra'ayina, kwamfutar da ake tallatawa da cewa ta haɗa ƙanƙanta da ƙarfin babba ba ta dace da yanayinmu ba, kuma daga masu ƙera ta har masu sayar da ita babu mai faɗa mana abin da ya kamata mu sani kafin mu ba da kuɗinmu.

Maganar ba ta da wuyar ganewa. Duk wutar da kwamfuta ta ja, zafi take komawa, babu wadda ke ɓacewa. Idan na'ura na jan wat 300, to zafin wat 300 take zubawa a ɗakin. Mutum a zaune yana fitar da kimanin wat 100 daga jikinsa, ka ga ke nan na'urar nan ita kaɗai ta yi daidai da mutum uku. Kuma kafin zafin nan ya fito ɗaki, sai ya fara taruwa a kan wasu 'yan guntayen silikon guda biyu da faɗinsu bai kai na ƙwandala ba: furosesa da katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasan. Daga nan bututun jan ƙarfe ke kwashe shi zuwa wasu siraran ƙarafa da aka jera kusa da juna, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu. Iyakar dabarar ke nan, a babbar kwamfuta da ƙarama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakin take turawa, kuma yawan zafin da iskar za ta iya kwashewa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafinta da na ƙarfen. Furosesocin Intel da yawa suna fara rage gudu a digiri 100, Ryzen 7000 na AMD kuma a 95. Mai gwaji a Jamus ko Amurka da ke zaune a ɗaki mai digiri 22 yana da tazarar kusan digiri 75 tsakanin iskarsa da wannan iyaka. Kai da ke ɗaki mai digiri 40, tazararka ba ta wuce 55 zuwa 60 ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sanyayawa ya tafi tun kafin ka danna maɓalli. Babbar kwamfuta tana da rarar da za ta shanye wannan asara, don an ba ta ƙarfen sanyaya da ya fi buƙatarta. Ƙarama kuwa an ƙure mata lissafi tun daga masana'anta, ko a ɗakin Bature a bakin iyaka take aiki. Shi ya sa a minti goman farko wasa ke tafiya sumul, bayan rabin sa'a kuma hoto ya fara ciccijewa, ɗan wasa ya buga ƙwallo sai ta maƙale a iska kafin ta ci gaba. Mai ita sai ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, ko Windows ce ta lalace, ya je ya biya kuɗi a sake zuba masa, ya dawo ya tarar da abin yana nan.

Ƙara ma daga nan take fitowa. Faffaɗar fanka mai milimita 120 tana iya juyi dubu ɗaya a minti ta tura iska mai yawa ba tare da ka ji ta sosai ba. 'Yar fankar da ke cikin ƙaramar kwamfuta, kafin ta yi aiki makamancin wannan sai ta yi juyi dubu huɗu ko biyar. A lissafin injiniyoyi, duk lokacin da aka ninka gudun fanka, ƙararta na ƙaruwa da kusan desibel 15, alhali ƙarin desibel 10 kaɗai ya isa kunne ya ji kamar an ninka ƙarar. Ga shi kuma muryar ƙaramar fanka siririya ce mai ratsa kunne. Duk wanda ya zauna a gidan gem da ke da tsofaffin PlayStation 4 ya san abin da yara ke nufi idan suka ce “ta fara tashin jirgi”. Wasu na ganin maganar ƙara ƙorafin masu jin daɗi ne, tunda ga janareta na ruri a waje. Ban yarda ba. Da yawa daga cikin masu sayen na'urorin nan a ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensu ko iyalansu, kuma da dare ne suke samun wuta da lokaci. Bayan haka, ƙarar nan saƙo ce: na'urar na faɗa maka ta kai maƙura.

Tarihin kamfanin Intel da kansa ya isa hujja. Shi ya fito da jerin ƙananan kwamfutocin da ake kira NUC, ya kuma yi shekaru yana neman cusa ƙarfin gem a cikinsu. Wadda ya fitar a 2016, Skull Canyon, girman akwatinta bai kai lita ɗaya ba. Hades Canyon ta 2018 ta ɗan haura lita ɗaya. Ghost Canyon ta 2020 ta kai lita 5, Beast Canyon ta 2021 lita 8, Raptor Canyon ta ƙarshen 2022 kuma kusan lita 14. Duk lokacin da suka nemi ƙarfi na gaske sai akwatin ya ƙara girma, har ya daina cancantar sunan ƙarami. A 2023 Intel ya bar harkar gaba ɗaya, Asus ya karɓa. ROG NUC da Asus ya fitar a 2024 ta koma lita biyu da rabi, amma da kayan laftof a cikinta, ga ƙatuwar caja a waje da ba a cika nunawa a hoton talla ba.

Wannan magana ta kayan laftof ita ta fi ci mini rai, don a nan ake kwasar mutane da suna. Katin hoton kamfanin Nvidia mai suna RTX 4070 na babbar kwamfuta yana da ƙwaƙwalwa gigabait 12, yana jan wat 200. Akwai kuma RTX 4070 na laftof, wanda irinsa ake sakawa a ƙananan kwamfutocin nan. Shi gigabait 8 gare shi, sassan lissafinsa ba su kai na wancan ba, kuma Nvidia ya bar wa kowane mai ƙira ya zaɓa masa wutar da zai ja daga wat 35 zuwa 115. Wato za ka iya ajiye na'urori biyu a kan teburi, duka an manna musu takarda ɗaya mai cewa 4070, ɗaya ta yi wa ɗaya fintinkau. A saman jerin abin ya fi muni. RTX 4090 na tebur wat 450 yake ja, na laftof kuwa iyakarsa 175, kuma guntun silikon da ke cikinsa irin na 4080 ne. Nvidia ya wallafa duk wannan a shafinsa, ba ɓoyewa ya yi ba. Amma yaron da ya shiga kasuwar Beirut ko Farm Centre a Kano, ko wanda ya aika saƙo Computer Village a Ikeja, lamba huɗu kawai ya riƙe a kansa, kuma ita za a nuna masa.

Yadda cinikin ke tafiya kusan ɗaya ne a ko'ina. Shagon na da sanyi, ko a ce fanka na kaɗawa. Mai shago ya jona na'urar, ya buɗe wasa, hoto ya fito tar. “Ka gani ko, ɗan'uwa? Wannan ba ta san maƙalewa ba.” Mai saye ya riƙe hannun wasan minti biyar, ransa ya biya. Idan ya tambayi wat nawa katin ke ja, sau da yawa amsar ita ce, “Oga, ai 4070 ce.” Ba lallai mai shagon ƙarya yake yi ba, shi ma a haka aka sayar masa. Sai dai minti biyar ba su isa ƙarfen sanyaya ya cika da zafi ba, don haka abin da mai saye ya gani ba shi zai samu a gida ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai ƙura, wadda ba ta shiga lissafin kowane mai gwaji na waje. Je ka tsaya a gefen mai gyara idan ya buɗe ɗaya daga cikin na'urorin nan bayan ta ci hunturu guda. A bakin siraran ƙarafan nan, daidai inda iska ke shiga, za ka ga ƙura ta haɗu da zaren tufafi da gashi sun zama wani dunƙule mai ruwan toka, har yana ɗaguwa gaba ɗaya idan ya sa tsinke. Fukafukan fankar sun yi jajir, kowanne da nasa kaurin. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe ya bushe yana ɓarewa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan ƙaramar na'ura ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kaɗan ya isa ya toshe ta. Kuma idan fankar ta mutu, ba irin wadda za ka samu a kowane shago ba ce, don an yanka ta ne daidai da cikin wannan ƙirar kaɗai. Sai an yi oda daga Sin a jira makonni, in ma ana samunta. Fankar milimita 120 ta babban akwati kuwa ko yau ka shiga kasuwa za ka fito da ita. Haka furosesa da katin hoto, a ƙananan na'urori galibi da dalma aka liƙa su a jikin allo, idan ɗaya ya tafi ya tafi da sauran.

Kada a ce ai iyakar abin rage gudu ne, ba ya kashewa. Zafi da sanyi da ke maimaituwa kullum suna gajiyar da haɗe-haɗen dalma. Shi ya ci Xbox 360, wadda ta fito a 2005 ta yi ta mutuwa a hannun mutane tana nuna jajayen fitilu uku, har Microsoft ya tsawaita garantinta zuwa shekara uku a 2007, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. A 2023 ma, bayan fitowar ROG Ally, kwamfutar gem ɗinsa ta hannu, Asus ya amsa cewa zafi na iya lalata wurin saka katin ajiya na na'urar, wanda ke kusa da inda iska mai zafi ke fita. A sabuwar da ya fitar a 2024 sai ya sauya masa wuri. Waɗancan masu saye sun samu gyara ko canji saboda garanti na aiki a ƙasashensu. Namu kuwa yawanci tokumbo ce, ko wani ya riƙo ta a jaka daga Dubai, idan ta mutu asarar mai ita ce shi kaɗai. Lokacin da PlayStation 5 ta fito a 2020 an yi ta surutu a kan girmanta, tsayi kusan santimita 39. Ni a ganina Sony ya yi daidai. Ya ba ta fanka mai milimita 120 da ƙaton ƙarfen sanyaya, ya zaɓi ta cinye wuri a kan ta cika wa mutane kunne.

Duk da haka ba ƙanƙanta nake yaƙa ba. Akwai dalilai masu ƙarfi da ke sa mutum ya so ƙaramar kwamfuta a nan. Ɗakunan haya ƙanana ne. Mai shago zai iya jefa ta a jaka ya tafi da ita gida da dare saboda ɓarayi. Kuɗin ɗauko ta daga waje bai kai na babba ba. Uwa uba kuma wuta. Akwai wani rukuni na ƙananan kwamfutoci, irin waɗanda kamfanonin Sin kamar Beelink da Minisforum ke yi, da ba su da katin hoto na daban, suna dogara ne da wanda ke cikin furosesa. Ryzen 7 7840HS mai ɗauke da Radeon 780M, alal misali, an tsara ta ne tsakanin wat 35 zuwa 54. Ba za ta ba ka sababbin manyan wasanni a saitin ƙoli ba, amma wasan ƙwallo da GTA V da makamantansu suna tafiya a matsakaicin saiti. Ita kam ina goyon bayanta, saboda zafin da take haifarwa bai fi ƙarfin akwatinta ba, kuma ta dace da mai sola.

Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar kimanin kilowat 2.4 na sa'a guda, kuma idan irin na ruwa ne kana so ya daɗe, rabi kawai ya kamata ka ja. Na'ura mai wat 300 za ta cinye wannan rabin cikin sa'a huɗu, ban da talabijin da fanka da abin da inbata ke ci. Mai wat 60 ko 70 kuwa, har da talabijin ɗin, za ta kai ka kusan sa'a goma. Ga mai gidan gem da ke karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wannan bambanci shi ne ribarsa. Wanda ke kan wutar gwamnati a Band A ma, wato rukunin da ya fi samun wuta a Najeriya, a Afrilun 2024 an ɗaga masa kuɗi zuwa sama da naira 200 a kan kowane yunit. Wani zai ce to a saka esi mana. Esi mai doki ɗaya yana jan wutar da ta ninka ta kwamfutar sau biyu ko uku. Wanda ke da halin kunna shi duk lokacin da zai yi wasa, ba shi nake wa magana ba, shi ya sayi abin da ransa ke so.

Saboda haka, wanda ke son ƙarfi na gaske ya haƙura ya sayi babban akwati mai faffaɗan fanka da ragar tace ƙura da ake cirewa a wanke. Wanda ke son ƙarama ya yarda da ƙaramin ƙarfi. Ta tsakiyar nan, mai lita biyu ko uku da ke jan wat ɗari biyu ko uku, ita ta fi tsada, ita ta fi ƙara, ita kuma ta fi saurin gajiya a ɗakunanmu. Wanda ya riga ya saya kuma ba a rasa abin yi ba. Yawancin talabijin hoto 60 kawai suke nunawa a daƙiƙa, don haka ƙayyade wasan a 60 na hana katin wahalar banza. Rage masa iyakar wuta, ta manhajar kamfanin ko irin su MSI Afterburner inda na'urar ta yarda, yana sauke zafi da ƙara fiye da yadda yake rage gudu, domin wat na ƙarshe su ne mafi ƙarancin amfani. A ɗaga ta daga ƙasa, a raba ta da bango, kada a saka ta cikin durowar talabijin, a kuma kai ta a share da zarar hunturu ya wuce.

Amma bai kamata nauyin duka ya koma kan mai saye ba, kuma akwai misali a gabanmu. Juya bayan firinji ka karanta takardar da ke manne. Za ka ga an rubuta ajin yanayin da aka yi shi dominsa: N yana aiki har digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. Esi ma haka ne, akwai T1 da ake gwadawa a digiri 35, akwai T3 da ake gwadawa a 46 saboda ƙasashe masu tsananin zafi irin na Larabawa. Masu ƙera waɗannan kaya sun amince cewa duniya ba yanayi ɗaya gare ta ba, sun kuma bai wa mai saye harafi guda da zai duba. Me ya hana a yi wa kwamfutar gem haka? Ba a ce su sake ƙira dominmu ba. A rubuta a jikin kwali wat nawa katin hoto ke ja a wannan na'urar, da gudun da take iya riƙewa bayan sa'a guda a digiri 25 da 35 da 40, da ƙarar da take yi a lokacin. Kamfanonin suna da ɗakunan gwajin da ake ɗaga zafinsu, a nan suka samo lambar 35 ɗin. Kuma ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba, mutanen Indiya da Pakistan da Masar da Sudan duk suna sayen na'urorin nan su ajiye a ɗakunan da suka wuce iyakar da aka rubuta. A gida kuma, hukumomi irin su SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye suna da hurumin tilasta wa masu shigo da kaya su bayyana cewa katin na laftof ne ko na tebur.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannunmu yau. 'Yan kasuwa su bar mai saye ya kunna wasa mai nauyi rabin sa'a kafin ya biya, da manhajar da ke nuna zafi da wat a gefen allo, irin su HWiNFO kyauta ake sauke su. Mai shagon da ya amince da kayansa babu abin da zai rasa. Matasanmu da ke bayanin kayan fasaha da Hausa a YouTube da TikTok kuma, ina roƙonsu su daina tsayawa a buɗe kwali da karanto abin da aka rubuta a jikinsa, wannan kowa na iya yi. Suna da abin da babu mai gwaji a Landan ko Taipei da ke da shi, wato ɗakin kwano da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Su sayi ma'aunin zafi na 'yan dubbai su rataye a bango inda kyamara za ta gan shi, su kunna wasa na sa'a guda, su faɗa mana hotuna nawa na'urar ke bayarwa a minti na biyar da nawa a minti na sittin, su kuma ajiye waya kusa da ita mu ji kukan fankar da kunnenmu.